Nono ɗaya ya fi ɗaya: a bar mace ta gyara, amma a faɗa mata gaskiya

Shekara huɗu ɗiyar wana ta yi tana cusa tsumma a rigar mama kafin ta buɗi baki ta faɗa wa wani. Ni ta fara faɗa wa, kuma ko ni ɗin sai da ta juya mini baya tukuna. "Gwaggo, na hagun bai fito ba," ta ce, "na daman ne kaɗai ya girma." Shekararta goma sha bakwai a lokacin. Duk mun lura ta koma tafiya a duƙe, kafaɗa ɗaya a gaba, ba ta yarda ta sauya kaya in da mutum a ɗaki. Mun ɗauka kunya ce irin ta 'yan mata masu tasowa, har yabonta ake yi. Ashe abin da ke cin ta a rai ke nan.

Tun daga ranar nake jin zafin yadda ake maganar tiyatar gyaran nono. Wasu da zarar sun ji an ce wuƙa za ta taɓa nono sai su ce rashin godiyar Allah ne, ko son burge maza. Masu tallar asibitocin kwalliya kuwa hoto biyu suke nuna miki, na kafin aiki da na bayan aiki, kamar wadda aka rage wa riga a wajen tela. Ni a ganina, macen da bambancin nonuwanta ya yi yawa har ya hana ta sakewa tana da haƙƙin a gyara mata, ba tare da an sa ta jin ta aikata abin kunya ba. Tana kuma da wani haƙƙin da ya fi wannan nauyi, wanda aka fi tauye mata: a faɗa mata abin da wuƙa za ta iya da wanda ba za ta iya ba, tun kafin ta sa hannu a takarda.

Kusan babu macen da nonuwanta suka zo daidai wa daida. Haka jikin ɗan Adam yake, ƙafa ɗaya kan ɗan fi ɗaya, gira ɗaya kan ɗan ɗara 'yar uwarta. Lokacin balaga nono ɗaya kan riga ɗaya fitowa da watanni, daga baya na bayan ya kamo. Mai shayarwa ta san in jariri ya fi son ɓangare ɗaya, wannan ɓangaren ne zai fi cika, kuma wani lokacin bambancin kan ɗan saura ko bayan yaye. Duk wannan ba ciwo ba ne, kuma ba shi nake magana a kai ba. Yarinyar da ta tsorata a kan irin wannan, abin da take buƙata babbar mace ce ta zaunar da ita ta ce mata kowa haka yake.

Amma akwai bambancin da ya wuce nan nesa. A shekarar 1841 wani ɗalibin likitanci a asibitin Guy's da ke Landan, Alfred Poland, ya rubuta bayanin gawar wani mutum da ya tarar babu wani sashe na babbar tsokar ƙirjinsa a ɓangare ɗaya. Da sunansa ake kiran larurar har yau. Ana haihuwar mutum da ita, ta fi faɗa wa ɓangaren dama, ta fi yawa ga maza, wani lokacin ma yatsun hannun wannan ɓangaren kan zo gajeru ko a manne. Idan mace ce, sai ta balaga a ga nonon wannan gefen ƙarami ne ƙwarai ko babu shi sam. Akwai kuma nonon da gindinsa ke tsukewa, ya ƙi buɗewa, ya fito siriri kamar bututu, baƙin da ke kewaye da kansa ya kumbura. Akwai wadda ƙashin bayanta ne ya karkace, haƙarƙarin gefe ɗaya ya turo gaba, sai nono ɗaya ya yi kamar ya fi ɗaya alhali matsalar daga ƙashi take. Akwai wadda ƙuna ko tiyata ko ƙurji suka lalata mata ƙwayar nonon tun tana ƙarama, wurin da ya kamata ya tsiro ya mutu ba wanda ya sani. Na ɗiyar wana ke nan. Ƙurji ne ya fito mata a ƙirji tana jaririya, aka tsaga, ya warke, kowa ya manta. Da likita ta nuna ɗan tabon, mahaifiyarta ta fi ta kuka.

Kafin in ci gaba, akwai maganar da ba zan iya tsallakewa ba. Bambancin da mace ta taso da shi daban yake da wanda ya zo mata da rana tsaka. Idan nononki ya daɗe a kamanni ɗaya sai kika ga ɗaya ya fara kumbura ko ya motse, ko fatarsa ta lotsa, ko ta yi ƙananan ramuka, ko kan nonon ya shige ciki, ko jini na fita, ko kin ji ƙari a ciki ko a hammata, to wannan ba maganar kwalliya ba ce. A je a duba, domin sankarar mama kan fara da irin waɗannan alamun. Likitan da zai yarda ya daidaita irin wannan nonon ba tare da ya binciki dalilin sauyawarsa ba, ki tashi ki bar masa ofishinsa.

To, ga masu cewa gyaran sauya halitta ne. Ina girmama tsoron da ke bayan wannan magana, amma ban yarda ta hau kan waɗannan matan ba. Ba mu taɓa cewa a bar jaririn da aka haifa da tsagaggen leɓe haka nan ba, ko wanda ƙafarsa ta zo a murɗe. Muna kiran wannan magani. Me ya sa sai da maganar ta zo kan ƙirjin mace ta koma son duniya? A tarihin Musulunci akwai labarin Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya. Ya sa na azurfa ya yi masa wari, Annabi (SAW) ya umarce shi da ya sa na zinariya. Mutum na iya numfashi ba tare da hancin zinariya ba. Fuskarsa aka mayar masa domin ya shiga cikin mutane. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Putrajaya ta ƙasar Malesiya a 2007 a kan tiyatar gyaran jiki, kuma ta bambanta tsakanin gyara lahani, na haihuwa ne ko wanda ya samu mutum daga baya, da sauya lafiyayyen jiki don bin son rai. Na farkon ta halatta shi da sharuɗɗa, har da kawar da aibin da ke cutar da mutum a zuciyarsa.

Wannan cutarwar ta zuciya ita ce mutane ke rainawa, saboda ba ta zub da jini. Yarinya ta daina wasanni, ta daina kwana a gidan 'yan uwa, ta ƙi zuwa asibiti ko da wani ciwon ne don kada a ce ta cire riga. Ta girma tana tsoron aure. Idan bambancin ya yi yawa har jiki kan amsa, nauyi ya rinjaya gefe ɗaya, igiyar rigar mama ta riƙa cin kafaɗa ɗaya, wuya da baya su riƙa ciwo. Wanda bai taɓa tsayawa gaban madubi da irin wannan jikin ba, da sauƙi zai ce a yi haƙuri. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A Amurka an yi wata doka a 1998 da ta tilasta wa kamfanonin inshorar lafiya, matuƙar suna biyan kuɗin cire nono saboda sankara, su biya kuɗin sake gina shi, su kuma biya kuɗin gyara ɗaya nonon mai lafiya domin su yi daidai. Abin da ya burge ni a dokar nan shi ne ta amince cewa daidaituwar ƙirji wani ɓangare ne na warkewa. Sai dai ina tambaya, in an yarda da haka ga wadda ciwo ya raba da nononta tana da shekara hamsin, me zai hana a yarda ga wadda ba ta taɓa samun nata ba tun fil azal? A wurare da dama har yanzu irin wannan yarinyar sai ta sha wahalar tabbatar da cewa ba kwalliya take nema ba kafin a saurare ta. Ina ganin wannan rashin adalci ne.

Sai dai goyon bayan da nake yi yana tsayawa ne a inda ƙarya ta fara, kuma ƙaryar da aka fi yi ita ce ta cewa za a mayar da su iri ɗaya. Babu likitan da zai iya. Abin da tiyata ke yi shi ne ta rage tazara, ta yadda mace za ta sa rigar mama guda ta zauna mata, ta sa kaya ba a gane komai ba. In ta tuɓe, ita za ta ci gaba da ganin bambanci, ga kuma tabo. Wadda aka faɗa wa haka tun farko takan fita da farin ciki. Wadda aka yi wa alƙawarin tagwaye, ko aikin ya yi kyau, ba za ta ga kyansa ba.

Hanyoyin gyaran ba su da yawa. Ko a ƙara wa ƙaramin, ko a rage babban, ko a ɗaga wanda ya zube, ko a haɗa biyu daga ciki. Ƙarin kan kasance da wata 'yar jaka mai silikon (wani sinadari mai kauri da laushi) ko ruwan gishiri da ake sakawa a bayan nonon ko a ƙarƙashin tsoka, ko kuma da kitsen matar kanta, a zuƙo daga ciki ko cinya a tace a yi mata allurarsa. Dabarar kitsen ma tsohuwa ce. Tun 1895 wani likita a Jamus, Vincenz Czerny, ya ciro ƙarin kitse daga bayan wata mata ya cike gurbin da tiyata ta bari a nononta. Matsalar kitse ita ce jiki kan shanye wani kaso nasa, don haka sau da yawa sai an maimaita, kuma ba ya cike babban gurbi a zama ɗaya.

Jakar silikon ita aka fi tallatawa, kuma a kanta na fi son mata su buɗe kunne. A birnin Houston na Amurka aka fara saka ta a 1962, aikin likitoci biyu, Thomas Cronin da Frank Gerow. Shekara talatin ana sakawa kafin hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ta taka burki a 1992 saboda babu isasshiyar hujjar cewa ba ta cutarwa, kuma sai 2006 aka sake buɗe ƙofa. A 2010 asirin wani kamfanin Faransa mai suna PIP ya tonu, ashe silikon ɗin masana'antu yake cikawa maimakon wanda aka amince a sa a jikin mutum, bayan dubban ɗaruruwan mata a ƙasashe da dama sun riga sun ɗauka a ƙirjinsu. An yanke wa mai kamfanin, Jean-Claude Mas, ɗaurin shekara huɗu a 2013. A 2019 kamfanin Allergan ya janye wani samfurinsa mai kaushin baya daga kasuwannin duniya, saboda alaƙarsa da wani nau'in ciwon daji na ƙwayoyin garkuwar jiki da ke tasowa a kewayen jakar. Ciwon ba shi da yawa, amma akwai shi. Daga 2021 FDA ta wajabta a rubuta gargaɗi mafi ƙarfi a jikin kayan, a kuma bi takardar haɗurra da mace layi-layi kafin a yi mata aiki.

Ba na kawo wannan tarihin don in tsorata kowa ba. Mata masu ɗimbin yawa suna ɗauke da jakar nan lafiya lau. Na kawo shi ne don a gane cewa a wannan harkar sau da yawa kasuwa ce ke gaba, bincike na biye da ita, kuma jikin mata ne ke biyan kuɗin tazarar. Ko ba a samu wata badaƙala ba, jakar ba ta zama har abada. Tana iya fashewa, ta silikon ma takan fashe shiru ba a sani ba, shi ya sa FDA ke ba da shawarar a ɗauki hoton MRI ko a yi sikanin shekara biyar zuwa shida bayan an saka ta, sannan duk bayan shekara biyu ko uku. Jiki kan yi mata wani kwanso na tabo, wani lokacin kwanson ya tsuke har nonon ya yi tauri, ya yi ciwo, ya karkace. Yarinya 'yar shekara ashirin da biyu da aka saka wa jaka, ta sa a ranta cewa da wuya wannan ya zama shigarta ta ƙarshe ɗakin tiyata.

Ga kuma wani abin da ya keɓanta da masu bambancin nono, wanda ban cika jin ana faɗa ba. Idan aka sa jaka a gefe ɗaya kawai, an haɗa abubuwa biyu da ba sa tsufa tare. Nonon asali yana ƙaruwa in an yi ƙiba, yana raguwa in an rame, yana cika da juna biyu, yana saukowa da shekaru. Mai jakar kuwa yana nan tsaye inda aka ajiye shi. Bayan shekara goma da haihuwa biyu, bambancin da aka biya kuɗi aka kawar yana iya dawowa da sabuwar fuska. Saboda wannan ne ni, a inda hali ya yi, na fi karkata ga a rage babban ya sauko wajen ƙaramin, ko a cike da kitse, domin nama da nama sun fi tafiya tare. Na san ba kowane ƙirji ne wannan zai yi wa ba. Mai larurar Poland da babu komai a gefe ɗaya, ba abin da za a rage ya kamo babu.

Ragewar ma da nata kuɗin da ba na aljihu ba. Tabo ne zai kewaye baƙin nonon ya sauko ƙasa, wani lokacin ya bi ta ƙarƙashi. Masu duhun fata sun fi saurin yin tabo mai tudu da ke ci gaba da girma, don haka wadda ta san hujin kunne ko wani yanka ya taɓa yi mata haka, lallai ta faɗa wa likita. Kan nonon na iya rage jin taɓi, ko ya daina ji gaba ɗaya. Hanyoyin ruwan nono na iya yankewa, shayarwa ta yi wuya a wannan ɓangaren. A lura, lafiyayyen nonon ne ake taɓawa a nan. Mace mai burin haihuwa dole a zauna da ita a kan wannan batun a tsanake, kada garin neman gira a rasa ido.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Nonon da bai gama girma ba, in an daidaita shi bana, baɗi zai sauya. Shi ya sa likitocin kirki kan ce a jira girma ya tsaya, nauyin jiki ya zauna wuri ɗaya. A Amurka, in don ƙarin girma ne kawai, an amince da jakar ruwan gishiri daga shekara 18, ta silikon daga 22, ko da yake sake gina nono saboda lahani ba ya ƙarƙashin wannan iyakar. Jiran ba yana nufin a bar yarinya da tsumma ba. Akwai nonon roba mai laushi da ake sakawa cikin rigar mama, mai nauyi da siffa irin ta jiki, wanda aka fi sani ga matan da aka cire wa nono. Abin takaici ne a ce abu mai sauƙi haka, yarinya ta shekara huɗu ba wanda ya nuna mata.

Akwai tambayar da nake ganin ta fi duk waɗannan, wato wa ke son a yi aikin. Idan miji ne ko saurayi ya yi ta gori har mace ta gaji ta nemi wuƙa, to ba nononta ne ke buƙatar gyara ba. Ita za ta sha allurar barci, ita za ta ɗauki tabo da haɗarin zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta, shi kuwa mai gorin gobe wani abin zai samo. Idan uwa ce ke matsawa don kada a ce 'yarta na da aibi, nan ma a dakata. Akwai kuma wata larurar ƙwaƙwalwa da ke sa mutum ya riƙa ganin babban lahani a inda kowa ke ganin ɗan ƙaramin abu ko babu komai, ya wuni gaban madubi yana aunawa. Masu wannan larurar tiyata ba ta cika kwantar musu da hankali ba, sukan fito su nemi wata. Likitan da ya iya cewa "ba zan yi miki ba, ga wanda ya kamata ki fara gani" ya fi mini daraja a kan wanda ba ya mayar da kowa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne inda shirun nan ke kai mata. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yarinyar da ta kasa faɗa wa uwarta, waya za ta ɗauka, a can kuma masu man shafawa da ƙwayoyin ƙara girma suna jiranta. Babu man da zai tsiro da nonon da ƙwayarsa ta mutu, kuma ƙwayar da aka haɗiya ba ta san hagu da dama ba balle ta zaɓi ƙaramin. Mafi muni su ne masu yin allurar ruwan silikon ko wasu mayuka kai tsaye cikin nama, a ɗakin otal ko bayan shago. Wannan ruwan ba ya zama wuri ɗaya. Yana yawo, yana dunƙulewa, yana iya shiga jini ya toshe huhu, kuma cire shi kan zama sai an yanke naman da ya shiga. Har ma wadda ta tara kuɗi ta tafi wata ƙasa a asirce aka yi mata aiki mai kyau, in ɗinki ya buɗe bayan ta dawo, wa za ta nuna wa, tunda ba wanda ya san ta je? Masu kushe gyaran da sunan kare mata, su sani kushen nasu ba ya hana a yi. Yana dai hana a yi shi a inda ya dace.

Ɗiyar wana yanzu ta haura ashirin. Ta ga likitar tiyatar gyaran jiki sau biyu, ni na raka ta na biyun. Ta shiga da tambayoyinta a rubuce: sau nawa kika yi irin wannan aikin, ina tabon zai kasance, zan iya shayarwa, in wani abu ya faru da dare wa zan kira, bayan shekara goma me zan tarar. Likitar ba ta ɓoye mata komai ba. Ta ce na hagun da wuya ya kawo ruwa ko an yi aiki ko ba a yi ba, don haka ba ta son taɓa na daman kafin ta haihu, kuma in an bi ta hanyar kitse sai an shiga aƙalla sau biyu. Da muka fito na tambaye ta me ta yanke. Ta ce, "Gwaggo, zan yi, amma ba bana ba." Tana sa nonon robar nan a rigarta, kuma kafaɗar da ta shekara huɗu a gaba ta koma wurinta.